Bayan kaki da rigar lauya: abin da tsohon lauyan soja zai iya sayarwa a kasuwar horar da shugabanni

Takardar tarihin aikin tsohon lauyan soja takan kai shafi shida ko bakwai. A samanta akwai suna da muƙami, sai jerin haruffa: psc na kwalejin hafsoshi ta Jaji, fdc na Kwalejin Tsaro ta Abuja, wani lokaci har da mni na cibiyar Kuru. A ƙasa an jero barikokin da ya zauna, da kotunan sojan da ya yi wa aiki, da shekarun da ya ƙara a ma'aikatar shari'a bayan ya tuɓe kaki. Mai kamfanin da aka miƙa wa zai karanta cikin girmamawa, ya ce "sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe", sannan ya yi tambayar da takardar ba ta amsa ba: to mu me za ka gyara mana, cikin kwana nawa, kuma a kan nawa?

Duk wanda ke shirin barin aikin lauya na soja ko na gwamnati ya koma ba kamfanoni da hukumomi shawara kan shugabanci, wannan tambayar ce jarrabawarsa. Muƙami yana sa a yi maka iso, a ba ka kujera mai kyau. Amma ba shi ake biya ba, kuma tasirinsa yana dusashewa da wuri, domin waɗanda suka san ka a kujera su ma ritaya tana jiransu. Abin da ake biya wasu 'yan abubuwa ne da mutum ya yi shekara ashirin ko talatin yana yi, har ya daina ganin ƙwarewa ce.

Mafi tsada a cikinsu shi ne karatun fayil. Lauyan gwamnati a sashen gabatar da ƙara yakan karɓi fayil daga 'yan sanda, ya bi bayanan shaidu ɗaya bayan ɗaya, ya ware abin da aka gani da ido daga abin da aka ji a bakin wani, sannan ya rubuta ko hujja za ta riƙe tuhuma. Aikin mashawarci a makonninsa na farko a kamfani ke nan, ba ragi ba ƙari. Mai gida zai ce manajojinsa ba su da himma, a shirya musu bita. Wannan ƙorafi ne, ba a tabbatar da shi ba tukuna. Wanda ya karɓi maganar a haka ya kama otal ya yi bitar kwana biyu zai sami kuɗinsa sau ɗaya, ba za a sake nemansa ba, don babu abin da zai sauya.

Binciken da ya dace ba shi da wuya, sai dai yana buƙatar haƙuri. Ka zauna da mutum goma sha biyu zuwa ashirin, kowa shi kaɗai, kamar minti arba'in da biyar, a ɗakin da ba ofishin mai gida ba. Kada ka tsaya kan manya: akanta, mai kula da sito, direban da ya fi daɗewa da sakatariya sun san inda aiki yake maƙalewa fiye da darakta. Ka karɓi bayanan tarukan gudanarwa na wata goma sha biyu da suka wuce. Sai ka zaɓi shawarwari uku da aka yanke, misali sayen janareta, ɗaukar sabon ma'aikaci, da yi wa babban kwastoma ragi, ka bi kowacce daga ranar da aka fara maganarta zuwa ranar da aka aiwatar, kana ƙirga kwanaki da yawan hannuwan da aka sa. Sau da yawa abin da zai fito shi ne manajojin ba rashin himma ke damunsu ba, an hana su ikon kashe ko da kuɗin man mota ne sai Alhaji ya dawo daga tafiya. Rahotonka kada ya wuce shafi biyar, kuma sunan wanda ya faɗa maka magana kada ya fito a ciki. Idan ya fito sau ɗaya, ka rufe bakin kowa a wannan gidan.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowane dacewa da lauyan soja, shi ne tsarin ladabtarwa. Wanda ya yi aiki a kotun soja ya san Dokar Rundunonin Soja ta ƙayyade komai: babbar kotu tana da shugaba da mambobi aƙalla huɗu, ta musamman shugaba da aƙalla biyu, ga lauya mai ba kotu shawara kan doka wanda ba ya jefa ƙuri'a a hukunci. Ya san hukunci ba ya tabbata sai hukumar da ke da iko ta amince da shi, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara tana iya rushe shi idan aka tauye wa wanda ake tuhuma haƙƙin sauraro da sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi. Mutumin da ya girma a wannan makaranta ba ya iya kallon ana korar ma'aikaci da baki a bakin ƙofa hankalinsa bai tashi ba.

Kamfanoni masu zaman kansu suna buƙatar wannan ido. Tun gyaran tsarin mulki na uku, na shekarar 2010, shari'un aiki suka koma hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma sashe na 254C ya ba ta damar duba ko an yi wa ma'aikaci rashin adalci, ba abin da ke rubuce a takardar ɗauka kaɗai ba. Abin da za ka gina wa kamfani a bayyane yake. Takardar neman ba'asi ta faɗi laifin, ranar, wurin, da ƙa'idar da aka karya, ba "rashin ɗa'a" kawai ba. A ba mutum kwana biyu ko uku ya amsa a rubuce. Wanda ya kawo ƙara kada ya zauna a kwamitin sauraro. Wanda ake tuhuma ya ji shaidu da kunnensa, ya yi musu tambaya. A rubuta abin da aka faɗa, a sa hannu, a ba da hukunci da dalilinsa, a bar hanyar ɗaukaka ƙara zuwa wanda bai taɓa maganar ba. Inda abin yake lalacewa kusan kullum wuri ɗaya ne: mai gida ya riga ya yanke hukunci, yana son kwamiti ya yi masa ado. Horar da shugabannin sassa su iya jagorantar irin wannan zama, su yi tambaya ba tare da tsawa ba, haja ce da za ka iya sa wa suna da farashi da ranar gamawa.

Sai iya ba da umarni. Fararen hula suna ɗauka soja ba ya sanin komai sai "yi kaza, kada ka tambaya". Amma abin da ake koyarwa a kwalejojin hafsoshi ya saɓa wa haka. Tun zamanin Janar Moltke babba a rundunar Farusha, tsohuwar daular Jamusawa, a ƙarni na 19 aka gane cewa shiri yana rushewa da zarar an yi arangama, don haka kwamanda ya faɗa wa na ƙasa da shi manufa da inda ake so a ƙare, ya bar masa zaɓin hanya. A kamfani ana mayar da wannan layi uku: dalilin aikin, abubuwan da ba makawa sai an yi, da yadda za a gane an gama. A ƙara layi na huɗu mai faɗin iyaka: nawa za ka iya kashewa, da wa za ka iya yin alkawari, a ina dole ka kira ni. Ka sa manajoji su rubuta irin wannan kan ainihin aikin da ke gabansu a makon, su ba na ƙasa da su ya karanta ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. Bambancin da ke fitowa tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka fahimta ya fi kowace lacca koyarwa.

Bitar bayan aiki kuwa, wadda sojojin Amurka suka tsara a shekarun 1970, tambaya huɗu ce: me muka yi niyya, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za mu riƙe me za mu sauya. Rabin awa zuwa awa ɗaya ta isa, a yi ta da ɗumi-ɗumi, ƙananan ma'aikata su fara magana kafin manya. Ga wani tarko da ya fi kama tsohon mai gabatar da ƙara: bakinsa ya saba da tambayar ƙure. Da zarar ya ce "wa ya ba ka izini?" zaman ya zama kotu, kowa ya koma kare kansa, gaskiya ta ɓuya. Dole a raba bita da ladabtarwa, rana daban, ɗaki daban, takarda daban, kuma a sanar da haka tun farko.

Akwai kuma kayan da ya kamata a bari a bariki. A soja, ƙin bin halastaccen umarni laifi ne da doka ta tanadar wa hukunci, kuma kofur ba ya ajiye aiki don ransa ya ɓaci. Injiniyan kamfani yana iya ba da notis na wata ɗaya ya koma wurin abokin hamayya. Dabarar shugabancin da ta jingina da gadirum ba ta da ƙafar tsayawa a nan. Shi kansa mashawarci ba shi da ikon umartar ko masinja. Abin da ke hannunsa hujja ce da lallashi. Labaran fagen daga ma a rage su. Ɗaya mai ɗauke da darasi ya isa zama guda, saura suna burge mutane ne su koma ofis ba su ƙaru da komai ba. Daga ɓangaren lauya kuma, rubutun kare kai shi ne cutar: shafi goma na "idan aka duba ta nan, idan kuma aka duba ta can". Babban sakatare yana iya jure wannan. Ɗan kasuwa yana son ka ce masa yi kaza, ga dalili, ga abin da zai ci, ga haɗarin da ke ciki.

Dokar da ta ɗaure ka kafin fita da bayan fita

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma shirin yana da iyaka. Jadawali na biyar na tsarin mulki, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma, kuma sojoji da lauyoyin ma'aikatu duk suna ciki. Saboda haka buɗe kamfani da sunan mata ko ƙane kana juya shi daga ofis ba wayo ba ne, kuma mai shirin koya wa wasu riƙon amana bai kamata ya fara da wannan ba. Abin da ya halatta a shekara biyun ƙarshe shi ne karatu, neman takardun shaida, koyarwa a makarantun rundunar ko na ma'aikata idan an ba ka, da rubuta darussanka. Wanda ke son shaidar ƙungiyar ICF ta masu horar da mutum ɗaya-ɗaya ya sani matakin farko yana buƙatar awa 60 na karatu da awa 100 na horarwa, 75 daga ciki na biya. Karatun ka yi shi kana aiki, na biyan ya jira ritaya. Ranar fita kuma akwai bayyana kadarori ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata.

Wani sakin layi na wannan jadawali da mutane ke mantawa ya ce mai karɓar fansho daga baitulmali ba zai riƙe fiye da muƙami ɗaya mai albashi a kamfanin gwamnati ko hukumarta ba, kuma ba zai karɓi wani lada daga kuɗin gwamnati ba bayan fanshonsa da albashin wannan muƙamin guda. Wanda ya gina lissafinsa kan kwangilolin ma'aikatu ya zauna ya karanta wannan da idon lauya kafin ya sa hannu a komai. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ita ma ba ta yin ritaya tare da kai. Abin da ka gani a fayil ɗin kotun soja ko na majalisar zartarwa ba misalin aji ba ne, ko da ka sauya sunaye, domin a ƙaramin gari ana gane mutum da labarinsa.

Ƙa'idojin aikin lauya, na 2007 da aka sabunta a 2023, sun ƙara nasu. Ba za ka karɓi aiki kan maganar da ka taɓa ba da shawara a kanta ko ka yi hukunci a kai kana gwamnati ba. Ba a yin aikin lauya da sunan kamfani mai hannun jari, kuma ba a haɗa tarayya da wanda ba lauya ba don yin aikin lauya. Mafita ita ce gida biyu: ofishin lauya daban, kamfanin shawara daban, kowanne da asusunsa da takardarsa mai tambari. Idan kana cikin horar da manajoji aka ce ka duba wata yarjejeniya, wannan aikin ɗaya gidan ne, da takardar ɗauka ta daban. Kuɗin lasisin shekara kuma a biya shi kafin ƙarshen Maris, ko da ba ka da niyyar shiga kotu.

Rajista ba ta da wahala yanzu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da hannun jarin naira 100,000. Banki zai nemi lambar haraji, kuma masu aikin shawara suna cikin waɗanda ake nema wa shaidar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Ka nemi amincewar Cibiyar CMD ta bunƙasa harkar gudanarwa a matsayin mai horarwa. Ka kuma fahimci asusun horar da ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos: kamfanonin da dokar ta hau kansu suna biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, suna kuma iya karɓo wani ɓangare idan sun horar da ma'aikata bisa ƙa'idar asusun. Mashawarcin da ya iya nuna wa akanta yadda za a dawo da wani abu daga kuɗin horon ya sauƙaƙa wa kansa ciniki. Kwangilar gwamnatin tarayya kuwa, ƙarƙashin dokar 2007 da hukumar sa ido kan kwangiloli ta BPP ke kula da ita, tana neman shaidar haraji ta shekara uku, da ta hukumar fansho ta PenCom, ITF da asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da jerin ayyukan da aka taɓa yi. Sabon kamfani ba shi da waɗannan, shi ya sa hanya mafi tsafta ita ce fara aiki a matsayin ƙwararre a cikin tawagar kamfanin da ya riga ya kafu.

Farashi, da waɗanda za su biya

Tsohon ma'aikaci bai taɓa sa wa ranarsa kuɗi ba, don haka ko ya yi arha ta ban tausayi ko ya faɗi abin da zai sa a daina ɗaukar wayarsa. Lissafin daga baya ake fara shi. Idan aka cire ƙarshen mako, hutun gwamnati da na kai, kwanakin aiki a shekara ba su fi 220 ba sosai. Mai aiki shi kaɗai ba zai sayar da su duka ba, domin neman aiki, rubuta takardar tayi, shiri da bin bashi suna cin nasu. A ce, don misali, kana buƙatar naira miliyan 24 a shekara don gida, ofis da haraji, kuma ka ƙiyasta za ka sayar da kwana 80. Ranarka ta kama naira 300,000. Bitar kwana biyu kuma ba kwana biyu ba ce: da shiri da rahoto takan ci biyar. Harajin VAT na kashi 7.5 a rubuta shi daban a takardar neman biya idan ya hau kanka. Harajin da kwastoma zai cire tun daga tushe kuɗinka ne da aka ajiye a wurin hukuma, sai ka bi takardar shaidarsa, in ba haka ba ka biya sau biyu. A kamfani mai zaman kansa ka karɓi kashi 40 ko rabi kafin ka fara. Giratuti kuma kada ya tafi a hayar babban ofis da kujerun fata. Aikin a ofishin kwastoma ake yin sa.

Kasuwa ɗaya da doka ta buɗe ita ce tantance majalisar daraktoci. Kundin shugabancin kamfanoni na Najeriya na 2018 ya nemi a auna aikin majalisar kowace shekara, a kuma kawo mashawarci daga waje aƙalla sau ɗaya cikin shekara uku. Manyan kamfanonin shawara sun mamaye bankuna, amma matsakaitan kamfanoni suna nan, kuma mai iya karanta bayanan taro ya gano inda aka tsallake ƙa'ida yana da abin yi a can.

Wadda ta fi kusa da gida, kuma ba a cika kallonta ba, ita ce gidajen kasuwancin iyali: dillalan Kantin Kwari da Dawanau da suka girma suka zama kamfanoni, masana'antun shinkafa, kamfanonin sufuri, makarantu da asibitoci masu zaman kansu a Kano, Kaduna, Gombe da Sakkwato. Matsalarsu sananniya ce. Komai yana kan mutum ɗaya, yaran gida da 'ya'ya da surukai suna aiki ba a rubuta iyakar kowa ba, ranar da mai gida ya kwanta dama kuma a raba shaguna da motoci, kasuwancin ya watse. Idan dukiyar tana cikin kamfani mai hannun jari, hannun jarin ake rabawa bisa gado, masana'anta ta ci gaba da aiki. Shiga irin wannan gida yana buƙatar ladabi fiye da takardun shaida. Ba a gyara wa dattijo magana a gaban yaransa. A keɓe ake faɗa masa, kuma a bar shi ya sanar da sauyin da bakinsa. Kalmar "shugabanci" ma ba ta sayuwa a nan. Abin da ke sayuwa shi ne ka ce za ka rubuta masa wa ke da ikon sa hannu a kan nawa, yadda zai tafi Umara mako biyu ba a kira shi a waya kan kuɗin dizal ba.

Kowane aiki ka rubuta a yarjejeniya cewa za ka dawo bayan kwana 90, kuma kuɗin dawowar yana cikin farashi. Takardar da mahalarta ke cikewa a ƙarshen bita mataki na farko ne kawai cikin matakai huɗu na auna horo da masani Kirkpatrick ya zayyana tun 1959, kuma jin daɗin zama take aunawa. Kai ka ɗauko shawarwari ukun nan da ka bi a farko, ka nemo makamantansu na sabon wata, ka sake ƙirga kwanaki da hannuwa. Idan sayen kayan gyara da yake cin kwana 18 ya koma 5, ka rubuta shi a shafi ɗaya, mai gida ya sa hannu, ka nemi izininsa kafin ka nuna wa wani. Idan bai sauya ba, ka zauna da shi ku yi tambayoyi huɗun nan na bitar bayan aiki a kan naka aikin, kuma ka bar manajojinsa su fara magana.